In Bindiga Ta Ci Mai Ita, Ƙofar Wa Za a Buga?

Da zarar an kammala girbin acca da dawa, ciyawa ta bushe, sanyin hunturu ya sauko kan duwatsun Filato, sai maharba su ɗauko bindigoginsu daga inda suka jingine su tun faɗuwar damina. Mafi yawa bindigar toka ce, wadda wasu ke kira harbi-ka-ruga, sai 'yan tsiraru masu baki ɗaya ko baki biyu da ke cin harsashin kwanso. Wadda za a ɗauko ɗin ta shafe watanni a ɗaki mai laima, a ƙasar da ruwa ke zuba tun daga Afrilu har Oktoba, kuma babu wanda ya leƙa cikin bututunta ya ga ɓarnar da tsatsa ta yi. Za a ɗura ta, a kai ta kafaɗa, a ja kunama. Idan ta tashi lafiya, madalla. Idan ta fashe ta tafi da yatsu uku ko ido guda, maganar ta ƙare a "Allah ya kiyaye gaba". A duk kayan aikin da mutumin karkara ke neman abinci da su babu wanda ya kai bindiga haɗari, kuma babu wanda ya kai ta rashin mai tsaya masa. A ganina wannan maraici bai samo asali daga rashin gwanintar maƙera ba, ba kuma daga gangancin maharba kaɗai ba. Tsarin da muke bi ne ya kora mai ƙera bindiga cikin ɓoyo, wanda ke ɓoye kuwa ba a kai masa ƙorafi.

Ya kamata a fara da yadda bindiga ke cin mai ita, domin jama'a kan jingina abin ga asiri ko ƙarar kwana alhali sanadinsa a fili yake. Mafi muni shi ne fashewar bututu. Lokacin da albarushi ya kama wuta, iskar da yake haifarwa tana neman mafita da ƙarfin gaske, kuma in ƙarfen bai iya riƙe ta ba sai ta fita ta gefe, daidai inda hannun hagu ke tallafe da bindigar, ko ta baya, daidai inda fuska take. Bututun masana'anta daga ƙarfen da aka zaɓa don wannan aiki ake fafe shi. Maƙerin ƙauye kuwa abin da hannunsa ya kai gare shi yake amfani da shi, sau da yawa bututun ruwa mai ɗinkin walda daga sama har ƙasa, wanda tun asali ba don wuta aka yi shi ba. Tokar albarushi kuma tana jan danshi, sai tsatsa ta riƙa cin ƙarfen daga ciki yana sirancewa, waje kuwa yana ƙyalli saboda man da ake shafa masa. Bindigar da ta yi shekara goma ba ta ba da matsala ba tana iya fashewa a shekara ta goma sha ɗaya da ɗurin da aka saba yi mata. Ba banza ba wasu maharba ke kau da fuska a daidai lokacin da za su ja kunama.

Akwai kuma bindigar da ke tashi ba a taɓa ta ba. 'Yar ƙugiyar da ke riƙe da gudumar bindigar ba ta wuce ƙwayar shinkafa a kauri ba inda suka haɗu, kuma in ba a ƙona ƙarfenta ya yi tauri yadda ya kamata ba, sai ta riƙa gogewa da kaɗan-kaɗan har ranar da gargadar babur ko tuntuɓe a kan dutse za su ishe ta ta saki. Yawancin ƙirar gida ba su da makullin da zai tare wannan. Wanda irin wannan harbi kan samu ba mai bindigar ba ne, abokin tafiyarsa ne da ke gaba, ko yaron da ke wasa a tsakar gida. Sai ta uku, wadda albarushinta ya sha danshi: an ja kunama shiru, maharbi ya sauke ta ya juyo da bakinta don ya duba, sannan ta tashi.

To, wa za a tambaya? Idan ƙirar gida ce, babu suna a jikinta, babu lamba, babu rasit, kuma da gangan aka bar ta haka, domin sunan maƙeri a jikin bindiga shaida ce da za ta iya kai shi gidan yari. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko ma gyara ta ba tare da izini ba. Sau da yawa mai saye bai taɓa ganin maƙerin ba. Ta hannun dillali ta zo, shi ma daga wani dillalin ya karɓo. Idan kuma 'yar waje ce, farashi ne kawai ya bambanta. A 2017 kaɗai hukumar Kwastam ta kama bindigogi 2,671 samfurin fam-akshin a Legas, a kamu huɗu, waɗanda akasari ta Turkiyya suka biyo. A 2024 ta sake kama wasu 844 a tashar ruwa ta Onne. Waɗanda suka kuɓuta suka shiga kasuwa, kamfanin da ya ƙera su ba zai amsa cewa ya san da zamansu a Najeriya ba. Ba shi da wakili a Jos ko Kaduna, ba ya aiko da kayan gyara, maganar garanti kuwa ba ta ma taso ba. Hatta tsofaffin bindigogin Ingila da na Rasha da wasu suka gada da takardunsu, in wani ƙarfe ya karye a cikinsu, wurin maƙerin da ke aiki a ɓoye ake komawa ya ƙago madadinsa. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na 'Yan Sanda Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin bindiga, don haka wanda ke son bin ƙofar doka ma ya tarar da ita a rufe.

Saboda wannan ne raunukan ba sa fitowa fili. Wata doka ta 2017 ta wajabta wa asibitoci su kula da wanda aka kawo da raunin harbi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, abin a yaba, amma ta kuma wajabta musu sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu. Maharbin da bindigarsa marar lasisi ta fashe masa a hannu ya san tambayar farko da za a yi masa, ya san ta biyu ita ce wa ya ƙera ta. Mai hankali zai gane abin da zai zaɓa tsakanin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da mai ɗori na bayan gari. Ta haka maƙerin da ya yi aikin banza zai iya sayar da bindiga ashirin daga tulin bututu guda, biyar su fashe a ƙauyuka biyar, kuma babu ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin da zai san akwai sauran huɗu.

Mugun kaya a hannun maharbin Afirka tsohon labari ne. A ƙarni na 18 maƙeran Birmingham ta Ingila sun ƙera dubban ɗaruruwan bindigogi masu araha musamman don cinikin gaɓar tekun Afirka ta Yamma, kuma tun a lokacin an san su da fashewa. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin nahiyar, ta bar wa 'yan ƙasa bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Su mutanen tudun Filato, irin su Berom da Irigwe da Rukuba da Aten na Ganawuri, da doki da mashi suka shahara a farautar gayya, bindiga daga baya ta mamaye. Dokar 1959 ta gaji wancan tunani na Turawa: ta kasa makamai gida uku, na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta na zamani sai da lasisin Sufeto Janar, bindigar toka kuma a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Duk damuwarta wa ke riƙe da bindiga. Ko bindigar za ta kashe mai riƙe da ita, wannan bai dami mai mulkin mallaka ba, mu ma da muka gaje shi ba mu sa shi a lissafi ba.

Wani zai ce ai maganin shi ne a bar manyan kamfanoni su shigo da kaya masu suna, tunda su suna da ofishin sauraron ƙorafi. Labarin kamfanin Remington na Amurka ya isa ya rage wa mai wannan fata zumuɗi. An kafa kamfanin a 1816, kuma samfurinsa mai lamba 700, wanda ya fito a 1962, yana cikin bindigogin farauta da aka fi saye a duniya. Injiniyansa Mike Walker ne ya tsara kunamar da ke cikinta tun a shekarun 1940. A tsarin akwai wani ɗan ƙarfe da ba a manne shi da jikin kunamar ba, waya mai lanƙwasa ce kawai ke riƙe da shi a mazauninsa. Masu ƙara sun ce in datti ko busasshen mai ya shiga tsakani, ɗan ƙarfen kan goce, sai bindiga ta tashi da zarar an buɗe makullinta ko an taɓa sakatarta, ba tare da yatsa ya kusanci kunama ba. Abin da ya sa lamarin ya fi zafi shi ne shi kansa Walker ya ba da shawarar gyara tun 1948, aka ƙiyasta gyaran zai ƙara senti 5 da rabi a kan kowace bindiga, aka ƙi. Har zuwa 1982 ba a iya fitar da harsashi daga bindigar sai an buɗe makullin, wato mai son ya kwance ta don kauce wa haɗari dole ne ya bi ta inda haɗarin yake. A shekarar 2000, a jihar Montana, wani yaro ɗan shekara 9 ya rasu lokacin da mahaifiyarsa ke ƙoƙarin kwance irin wannan bindiga bayan farauta. A 2010 gidan talabijin na CNBC ya fitar da bincike da ya danganta ta da mutuwar mutum fiye da 20 da raunata fiye da 100.

Amsar kamfanin tsawon shekarun nan ba ta canja ba: bindigar lafiyarta ƙalau, masu ita ne ba sa tsabtace ta, ko sun taɓa saitin kunamar, ko sun nuna bakinta inda bai kamata ba. Ya sasanta ƙararraki da yawa a asirce. A 2006 ya fito da sabuwar kunama, a 2014 ita ma ya janye ta saboda gam da ya yi yawa wajen haɗa ta. A ƙarshen shekarar ne ya amince, ba tare da amsa laifi ba, zai sauya kunamar bindigogi kusan miliyan 7.5 kyauta. Lokacin da alƙali ya tabbatar da sulhun a Maris 2017, mutum wajen 22,000 ne kawai suka nemi gyaran. Kamfanin ya durƙushe a 2018, ya sake durƙushewa a 2020, aka yi gwanjon sassansa, a 2024 kuma aka rufe tsohuwar masana'antarsa ta garin Ilion a jihar New York. Duk wannan ya faru ne a ƙasar da hukumar kare masu sayen kaya ke iya janye abin wasan yara daga kasuwa, amma majalisar dokoki ta hana ta taɓa bindiga tun shekarun 1970. An bar wa kamfani ya zama shi ne mai kaya, shi ne mai bincike, shi ne mai yanke hukunci.

Abu biyu ke fitowa daga wannan labari, kuma suna jan juna. Ofishin sauraron ƙorafi da kamfani ya kafa da kuɗinsa, lauyan kamfani yake yi wa aiki kafin ya yi wa mai saye; duk wanda ya rataya lafiyarsa a kan kirkin mai sayarwa ya rataya ta a kan abin da riba ke iya tsinkewa. Amma kuma me ya tona asirin Remington? Suna da lamba da takarda. Kowace bindiga na ɗauke da sunan wanda ya yi ta da lambar da ke nuna shekarar da aka yi ta. Kowane ƙorafi an rubuta shi, ko da an yi watsi da shi. Da kotu ta tilasta, takardu fiye da 130,000 na cikin gida suka fito fili a 2016, ciki har da rubuce-rubucen Walker. Maharbin Amurka ya yi shekara sittin ana musanta masa gaskiyarsa, amma yana da wanda zai kai ƙara. Na Bassa ko Kanam ko Wase ba shi da ko wanda zai musanta masa.

Turai ta bi wata hanya, kuma ita ce ta fi kusa da halin da muke ciki, domin ta faro ne a zamanin da ƙananan maƙera ke yin bindigar ɗuri a ƙananan shaguna. Landan tana gwada bututun bindiga tun 1637, garin Liyej na Beljiyam tun 1672. A 1813 maƙeran Birmingham ɗin nan, waɗanda sunansu ya ɓaci da mugun kaya, suka nemi majalisa ta kafa musu gidan gwaji, su suka biya kuɗin ginin, kuma har yau yana aiki. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗura wa bututu abin da ya fi ɗurin yau da kullum ƙarfi, a bindigar zamani da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, a harba shi daga nesa cikin ɗaki mai kauri, sannan a duba ko ya kumbura ko ya tsage. Wanda ya jure a buga masa hatimi a jikin ƙarfe, wanda ya gaza ba zai shiga kasuwa ba. Sayar da bindigar da ba ta da hatimin laifi ne a Ingila. A 1914 aka kafa hukumar haɗin gwiwa a Liyej don ƙasashe su riƙa karɓar hatimin juna. Gaskiya ne gwajin ya fi kama aibin bututu fiye da na kunama, kuma da wuya ya gano irin matsalar Remington a harbi ɗaya ko biyu. Shi ya sa hatimi ba ya isa sai an haɗa shi da rajista: gwaji ya tare fashewa tun kafin a sayar, rajista kuma ta tara ƙorafe-ƙorafe har a gane hannun da matsala ke yawan fitowa daga gare shi.

Jos ba ta rasa komai ba na yin wannan. Cibiyar Binciken Ƙarafa ta Ƙasa, NMDC, tana kan titin Zariya, kuma sanin ingancin ƙarfe shi ne sana'arta. Hedikwatar ITF, asusun da aka kafa a 1971 don horar da masu sana'a, a nan take. Akwai kwalejin fasaha a Bukuru, akwai kwalejin manyan jami'an 'yan sanda. Garin da ya girma a kan haƙar kuza da narkar da shi ba ya buƙatar a koya masa darajar ƙarfe. Ta fuskar doka ma ba sai an jira Majalisar Tarayya ba, ko da yake makamai hurumin tarayya ne. Ita dai dokar 1959 ta ba Sufeto Janar ikon ba mutum izinin ƙera bindigar toka da gyara ta, muddin Gwamnan jihar ya amince. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta umarci kowace ƙasa ta ƙidaya maƙeran cikin gida, ta yi musu rajista, a riƙa sa wa kayansu alama. Mun sa hannu, mun koma ga kame. Abin da ake buƙata a aikace bai wuce rami da buhunan yashi da doguwar igiya da hatimin ƙarfe da littafin rajista ba, sai ma'aikaci da ya san aikin, wanda zai zagaya Pankshin da Shendam da Langtang kafin lokacin farauta, Sarkin Baka ya tara maharbansa, Sarkin Maƙera ya tsaya wa nasa.

Na san abin da ke zuciyar mai karatu a Jos, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Jihar da ta ga 7 ga Satumban 2001, ta ga Yelwan Shendam a 2004, ta ga Nuwamban 2008, ta ga Kuru Karama da Dogo Nahawa a 2010, ta binne fiye da mutum 150 daga Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023, ita za a ce ta buɗe ofishin inganta bindiga? Rundunar tsaro da aka girke a Jos tun 2010 ta sha sanar da gano maƙerun makamai a yankunan Vom da Mangu, kuma abin da take nunawa ba bindigar kashe zomo ba ce, har da kwaikwayon bindigogin yaƙi masu cin harsashin AK-47. Cibiyar Small Arms Survey ta Geneva, a rahotonta na 2018 da ya haɗa da Filato, ta nuna yadda ƙirar gida ke ƙara ƙwarewa da kuma yadda neman kare kai ke ƙara mata kasuwa. Hannun da ya iya ƙera ta toka zai iya koyon ƙera wadda ta fi ta. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya raina ta bai san garin ba.

Sai dai a duba abin da haramcin bai ɗaya ya haifar. Shekara fiye da sittin ana kama maƙera, bindigar gida ba ta ƙare ba. Abin da aka cimma shi ne an zuba mai ƙera bindigar farauta da mai ƙera makamin kisan gilla a kwando guda. Tunda dukkansu masu laifi ne a idon jami'in tsaro, babu abin da na farko zai samu in ya tsaya a kan ta toka, babu kuma dalilin da zai sa ya tona na biyu, alhali shi ya fi kowa sanin inda yake. A ba shi izini mai iyaka, na bindigar ɗuri kawai, da sunansa a jikin kowace da ya yi, sai ya samu abin da yake tsoron rasawa. Bindiga mai lamba in an tsince ta a inda aka yi ɓarna tana faɗin wanda ya ƙera ta da wanda ya saye ta, wadda ba ta da lamba kuwa bebiya ce. Kuma in aka ware masu izini, duk maƙerin da aka samu a waje da rajista ba shi da sauran hujjar cewa don farauta yake yi. Hatimin gwaji ba ya ƙara wa bindigar toka nisan harbi ko saurin ɗuri, har yanzu harbi ɗaya ce sai an sake ɗurawa. Abin da yake ragewa shi ne yawan masu dungu.

Akwai ma fa'idar da ta wuce lafiyar yatsu. A ƙarshen Maris 2025 an kashe maharba 16 a garin Uromi na jihar Edo, suna kan hanyarsu daga jihar Ribas zuwa Kano don yin Sallah, bayan 'yan banga sun ga bindigogin toka a motarsu suka ce masu garkuwa da mutane ne. Babu takardar da ke tare taron da ya riga ya yanke hukunci, kuma laifin kisan yana wuyan waɗanda suka yi shi. Amma ƙasar da babu wata alama da kowa ya sani da ke bambanta kayan sana'ar maharbi da makamin ɗan fashi ta bar maharbanta a hannun zato. Abin mamaki, gwamnatocin da ke kiran bindigar nan haramtacciya su ne ke kiran masu ita in ta ɓaci, kamar yadda aka yi a Adamawa a 2014 lokacin da maharba suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga Boko Haram.

Hujja ta biyu da masu suka za su kawo ita ce laifin na maharba ne: su ke ɗura bindiga sau biyu da mantuwa, su ke barin laka ta toshe bakinta, su ke farke harsashin zamani su juye albarushinsa cikin bindigar toka, alhali ƙarfinsa ya ninka abin da bututun zai iya ɗauka. Duk wannan yana faruwa, kuma babu hatimin da zai ceci mai yin haka. Amma wannan ita ce amsar Remington kalma da kalma, kuma ta yi wa kamfanin aiki shekaru da yawa saboda akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ba a iya raba laifin ƙarfe da laifin hannu sai an san cewa ƙarfen ya taɓa cin jarrabawa. Wasu kuma kan ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To ai ramukan rariya a fili suke, mai saye yana ganinsu. Tsagar da ke cikin bututu ɓoyayyen aibi ne, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da ba mai saye zaɓin mayar da kaya in ya gano aibin da bai gani ba lokacin ciniki. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018 ma haka ta ce. Sai dai alƙali, na shari'a ko na boko, ba zai iya tilasta wa wanda ba a san sunansa ba, a kan cinikin da doka ba ta yarda an yi shi ba.

Masu kishin namun daji za su ce farautar ma ya kamata ta mutu, dubi yadda dajin Pandam ya koma. Amsa a taƙaice: wanda aka san sunansa da lambar bindigarsa ake iya hana wa farauta a lokacin haihuwar dabbobi, wanda ba a sani ba sai dai a ji ƙara daga nesa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. A Najeriya duk hatimin da ke da daraja yakan zama haja, kuma a Filato duk jerin sunaye da hukuma ta rubuta da idon ƙabila da addini ake karanta shi. Idan maharban Berom ko Tarok ko Mwaghavul suka samu hatimi cikin sauƙi, Bahaushe da Bafulatani aka ce su kawo takardar zama ɗan ƙasa, ko aka yi akasin haka a ƙaramar hukumar da rinjaye ya juya, to rajistar ta zama hanyar halatta makamin ɓangare guda da haramta na ɗayan, kuma gara a ce ba a fara ba. Don haka sharaɗin gwaji ya tsaya a kan ƙarfe da sana'a: bututu ya jure ko bai jure ba, shugaban maharba na yankin ya san mutumin ko bai san shi ba. A yi gwajin a bainar jama'a, a filin kasuwa ko ƙofar fada, inda kowa zai ji ƙarar ya ga wadda ta tsage, domin sayen hatimi ya fi wuya a gaban mutum ɗari. Mai gwada ƙarfe ya zama daban da mai ba da izini. Kuma kafin maƙeri ya fito da kansa, dole a ba shi tabbacin cewa littafin da ya rubuta sunansa a ciki ba zai koma takardar kame a wata mai zuwa ba. In ba a yi masa afuwa a rubuce kan bindigogin ɗuri da ya ƙera a baya ba, ba zai fito ba, kuma yana da gaskiya.

Masana'antar DICON da ke Kaduna tun 1964, wadda aka sabunta dokarta a 2023, tana iya samar wa maƙera masu izini bututun da aka yi don wuta, a kan lamba da ƙididdiga, ta yadda bututun ruwa zai koma aikin ruwa. Wannan sai nan gaba. Matakin farko sa hannu biyu yake buƙata, na Sufeto Janar da na Gwamna Caleb Mutfwang, a kan ikon da ke cikin doka tun 1959. Ƙungiyoyin maharba na Filato da sarakunan maƙera su rubuta su nema, a fara da ƙaramar hukuma ɗaya a kudancin jihar kafin hunturu mai zuwa, a ƙirga bututu nawa ne za su tsage a cikin rami maimakon a hannun mutum.